Ƙaiƙayin Mai Ciki da Shirun Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa. Wannan takarda ta fito daga Dogon Dutsi, daga hannun wadda ta haife ki, zuwa gare ki, ɗiyar Hajo, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kun sauka lafiya, mota ba ta jijjiga ki fiye da kima ba, abin da ke tare da ke kuma yana motsi yadda ya kamata. Allah ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya tsare ki daga ruwan da cikinki bai saba da shi ba. Ki gaida mai gidanki. Labarin gida ba zan ba ki ba, kowa yana nan yadda kika bar shi.

Na san za ki yi mamaki. Tun da kika zo duniya ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kin kuma san yadda muke da 'ya'yan fari. Gwaggonki Hajo ce ta goya ki, ita ce mai yi miki faɗa, ita ce mai jin kukanki, ni nawa ido ne daga nesa. Da abu ya tafi yadda aka saba, da yanzu kina shirin dawowa gida goyon ciki, tsofaffi su kewaye ki, ni kuma in koma bayan ɗaki ina hura wuta kamar ba ruwana. To ga shi takardar kumandan, nasaran da ke mulkinmu, ta ɗauke mijinki daga lakwal ɗin garin nan, makarantar bokon da yake koyarwa, ta jefa shi gabas, ke kuma kin bi shi da cikinki na fari. Shi ya sa na jiƙa tawadar da ta bushe tun rasuwar kakanki malam. Da gangan na rubuta da ajami. Mijinki mushe ne, kamar yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, baƙin nasara kawai ya iya karantawa, gidansu a Matankari ba su yi allo ba, ko ya tsinci takardar nan sai dai ya yi ta juya ta. Ban san ta inda zan kama maganar ba. Kunya kamar ta kashe ni.

Kwanakin da kika yi mana na sallama, na lura da ke. Na ga yadda kike zama a gefen turmi da rabin jiki, ki tashi, ki koma, ki shige bayi ki daɗe. Na ga kina yawan wanke fatarinki, ban kuma taɓa ganinsa a kan igiya ba. Ranar tafiya mijinki ya miƙo miki hannu ki hau mota, kika kama ƙarfe kika hau da kanki, ko dubansa ba ki yi ba. Da motar ta tashi na tsare Hajo a bakin rijiya. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce:

"Tambaya ɗai ta yi min. Tac ce, in namiji ya tahi Yamai ya daɗe, ya komo, macce ta hwara ƙaiƙayi da hwarin ruwa, mi ke nan?"

Na ce, "Ke kuma mi kic ce mata?"

"Nic ce ta yi haƙuri, maza duk haka suke."

Haƙuri! Hajo mutumiyar kirki ce, amma ranar saura kaɗan in jefa mata guga. Na san inda irin wannan haƙurin yake kai mutum, don na je can na zauna. Abin da nake tsoro shi ne ki yanke wa mijinki hukunci a cikin ranki, ki rufe baki, ku tsufa a ɗaki ɗaya kowa da abinsa a ciki. Don haka bari in ba ki nawa labarin, ki tsinci abin da za ki tsinta.

Ina da cikinki aka kwashe babanki aikin dole, gyaran hanyar Doso. Ya daɗe. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, ƙafa duk faso, ni kuma cikina ya riga ya fito. Bai jima da dawowa ba abin ya fara min. Ƙaiƙayi ne wanda ba ya barin mutum ya yi salla da natsuwa. Ga wani farin abu mai kauri, gudaji-gudaji kamar kindirmo, ba wari sosai, sai dai in na yi fitsari in ji kamar an barbaɗa min barkono. In haka naki yake, ki ci gaba da karantawa. In ba haka ba ne ma ki ci gaba, don ni kaina ban tabbatar da komai ba.

Abin da na fara yi shi ne ɓoyo. In wanke fatari in shanya shi ƙarƙashin gado, don kada wani ya ga na cika wanki ya yi tambaya. Ba ya bushewa, haka nake mayar da shi da danshinsa. In ɗora zane biyu a kai don kada wani abu ya nuna in na tashi daga tabarma. Ga shi lokacin bazara ne, zafin da kare ma ba ya son fita. Sai bayan shekaru aka gaya min abin nan ba abin da yake so kamar ɗumi da danshi. Ashe ni ce nake yi masa shimfiɗa. Ke dai ki shanya kayanki a rana tsaka, su bushe ƙayau. Wanda zai ƙirga wankinki ya ƙirga. In kina ɗaki ke kaɗai ki ɗaura zane guda na auduga, ki sassauta shi, iska ta shiga. Waɗannan 'yan kamfai masu santsi da matan ma'aikata suke sayowa a kanti, ki ajiye su sai kin sauka.

Ɓoyon bai yi nisa ba, don kakarki, uwar babanki, ba a ɓoye mata komai. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Taho nan." Ta dafa bagaruwa ta sa ni zama ciki da zafinsa. Gaskiya ranar na sami barci, kuma har yau ban san ko bagaruwar ce ko gajiya ba. Da abin ya dawo sai ta ƙara da alif. Da ya sake dawowa ta ce in goge da sabulun salo da ɗan kanwa, wai datti ne ya maƙale. Ni kuma da ƙuruciya da son in burge uwar miji, na goge da ƙarfina. Ɗiyar Hajo, ban taɓa jin azaba irin wannan ba sai ranar haihuwarki. Wurin ya kumbura ya tsattsage, tafiya ma sai na buɗe ƙafa kamar wadda ta sauko daga raƙumi. Kada ki cusa komai a jikinki. Na san matan Damagaram sun fi mu sanin haɗe-haɗe, kowace za ta zo miki da ƙullinta, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye. Ruwa mai tsabta ya isa, daga waje kawai, ki tsane da busasshen ƙyalle. Bagaruwar kuwa, in ta huce, ban sani ba. Wasu sun ce tana kwantar da shi, wadda ta fi ni sani ta ce a bari. Ni na kasa raba gardamar.

Da magungunan gida suka ƙare, kakarki ta ce ai wannan ba na jiki ba ne. Ta ɗora ni a jaki da ƙaton cikina sai Matankari, wurin wata tsohuwa 'yar bori. Ni ɗiyar malam, ina tafe ina istigfari, ina kuma fata abin ya yi. Tsohuwar ta dube ni ta tambaya ko na taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa da almuru ban yi magana ba. Wace mace ce ba ta taɓa ba? Ta ce to shi ke nan, na ƙona ɗiyan doguwa, aljanar nan, ita ma ta ƙona ni inda zan ji. Aka ba da baƙar kaza da baƙin zane. Na dawo, abin ya lafa kwana kaɗan, ya sake tashi. Ubana kuma, da ya ga na rame, ya yi ta aiko min da rubutu ina sha, bai san ma na mene ne ba.

Ranar da na haife ki abin ya ɗauke, kamar ba a taɓa yi ba. Kakarki ta ce doguwa ta karɓi kazarta. Uwata ta ce rubutun malam ne. Wata kuma daga baya ta ce cikin ne ya kira shi, da cikin ya sauka ya tafi. Mutum uku, ciwo ɗaya, kowa ya ce shi ya warkar. Ban ce ki raina kowa ba, garin nan da iskokinsa muka same shi, addu'a kuwa ba a barinta. Abin da na lura da shi kawai, duk cikinsu ba wanda ya duba ni kafin ya faɗi abin da ke damuna. Ki fara da wanda zai duba.

Yanzu ga maganar da ta fi min nauyi. Tun daren farko da ƙaiƙayin ya kama ni na gama lissafina. Mutum ya tafi, ya daɗe cikin maza a bakin hanya, inda mata masu sayar da abinci suke bin sansani, ya dawo, ciwo ya zo. Me ya rage? A raina na ce ciwon sanyi ya kwaso min. Ban tambaye shi ba. Yaya zan tambaya, ni da ko sunansa ba na faɗa? Sai na juya masa baya. In kai masa tuwo in ajiye ina kallon bango. In ya yi min magana in amsa da kalma ɗaya. Shi ma sai ya yi sanyi, ya rage shigowa, na ce ka ji mai laifi. Bayan na haihu na zauna na yi shawara da zuciyata, na ce namiji ne, wahala ce ta kai shi, na yafe masa. Na yafe, amma ban manta ba, kuma ban faɗa masa na yafe ba. Na riƙe yafiyar nan kamar wata dukiya. Duk ranar da ya ɓata min rai sai in dube shi in ce a zuci, kai da na rufa wa asiri.

Kafin in ƙarasa wannan, akwai abin da ya shafi jaririnki, kada in manta. Kina 'yar kwanaki bakinki ya yi fari. Harshe da cikin kumatu duk wani farin abu, in an goge sai wurin ya yi ja, ki tsala kuka. Ki kama nono ki saki, ki kama ki saki. Nima kan nonon ya yi min zafi kamar ana tsaga shi. Tsofaffi suka taru, aka tatsi nonona a ludayi, aka jefa kiyashi a ciki. Kiyashin ya yi ta juyawa, bai fita ba. Suka ce nonon mugu ne, zai kashe ki. Hajo tana goyon ɗanta a lokacin, sai aka miƙa mata ke. Da ma ita za a ba, amma sai bayan yaye. Ni aka bar ni da ƙirji ya cika ya yi tauri, ina jin kukanki ta katanga, ba damar in nuna ya dame ni, don uwar fari ba ta nunawa. Bayan rumbu nake zuwa in yi kukana in wanke ido in fito. Yau in na tuna sai in ce, kiyashin da aka jefa a ludayi, ko ruwan rijiya ne a ciki, ina zai fita? Amma a lokacin na yarda jikina ne ya lalace da ciwon da aka kawo min. In bakin jaririnki ya yi fari, kada ki yarda a raba ki da shi. An ce min abin nan ɗaya ne da na jikin uwa, a hanyar fitowa yaro yake ɗauka, kuma ana shafa masa magani ya wuce. Nononki lafiyarsa lau. Ko duk Damagaram ta taru da ludayi, ki rungume abinki.

Wadda ta gaya min haka ita ce Madam ta likita, wato asibitin garin nan, ungozomar nan 'yar Dahome da kika sani, doguwa mai takalmin roba. Ciwon ya riƙa dawo min kusan kowane ciki, ni kuma ina cewa tsohon dashen babanki ne yake tsirowa. Da cikin autanmu aka yi shela cewa duk mai ciki a gari ta je awo, gardi, ɗan sandan kumandan, yana bi gida-gida. Ba don haka ba da ban je ba. Madam ta ga yadda na zauna a benci, ta kira ni ciki ta rufe ƙofa. Hausarta a karkace take. Ta ce, "Kai kwanta, ni duba." Na ce a raina yau na ga ta kaina, da furfurata. Na rufe fuska da mayafi na kwanta.

Ta ɗebi ɗan farin abin ta shafa a wani ɓallin gilashi, ta kai ɗakin da suke duba jinin masu zazzaɓi, ta sa a ƙarƙashin madubinsu mai kama da ƙaramin turmi. Ta leƙa, ta yi dariya, ta ce in zo in gani. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai ga wasu zarurruka sirara, sun yi rassa, da 'yan ƙwayaye manne a jikinsu. Na ja da baya na ce, "Tsutsa!" Ta ce ba tsutsa ba ne, ba ƙwaro ba ne, tsiro ne. Wai dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, dangin tsamin da ke tayar da ƙullin masa. Ta faɗi sunansa da Faransanci, na riƙe shi a baki har bakin kasuwa, a nan ya zube.

Daga nan kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Tsiro a cikin mutum, ba rana ba ƙasa? Ta ce e. Ta ce ma yana jikin mata da yawa masu lafiya, yana zaune shiru, sai ciki ya zo ya sauya jikin mace sannan ya sami sake ya yaɗu. Na ce to in yana jikin kowa, ina ciwon yake? Ta ce yawansa ne ciwon. Na ce ciwo ɗaya ne ko da yawa? Ta ce ɗaya ne, amma iri-iri. Da ta ga na saki baki sai ta ce, gero da maiwa ba duk hatsi ba ne? Na ce hatsi ne. Ta ce to haka. Wanda na gani, mai zare, shi ya fi yawa, shi ya fi sa ƙaiƙayi, shi ne kuma ya fi jin magani. Akwai wani ɗan'uwansa da ba ya yin zare, ƙwayaye ne zalla ƙanana, ba ya tayar da hankali sosai amma yana da taurin kai, a yi magani ya lafa ya dawo. Akwai wasu kuma da ita kanta ba ta iya rarrabe su, sai an aika Dakar. Na yi ta tunanin wanda aikinsa ke nan a Dakar, ya tashi da safe ya karya kumallo ya zauna yana rarrabe funfunar matan mutane. Allah ya ba kowa abin yinsa.

Sai na yi ƙarfin hali, ina kallon ƙasa, na tambaye ta ko wurin namiji ake samunsa. Ta ce ba dole ba. Ta ce budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yinsa, matar da mijinta ya shekara ba ya gari tana iya yinsa. Amma, in ji ta, akwai wasu ciwukan daban masu kama da shi waɗanda su kam ta wurin kwanciya suke zuwa. Ɗaya ruwansa tsararo ne mai kumfa da wari, a madubi ana ganin abin yana iyo da wutsiya. Ɗaya kuma shi ne ciwon sanyi na gaske, wanda yake iya taɓa idon jariri. Ta ce da ido kawai ko ita tana iya ruɗewa, shi ya sa take dubawa. Na ce, "To na cikina na fari fa, wanne ne?" Ta buɗe hannu ta ce, "Ni ba gani, ni ba sani."

Kin ji inda aka bar ni. Na fito likita da abu biyu a kai, wataƙila na zalunci mutum, wataƙila kuma ban zalunce shi ba. Shi ya sa nake roƙonki ki je a duba tun abin yana nan. Damagaram babban gari ne, likitarsu ta fi tamu. Ban ce mijinki waliyyi ba ne, ban bi shi Yamai ba. In an duba aka ga mai wutsiyar ne, sai a yi muku magani ku biyu, sannan ki yi fushinki da hujja, ni ma in taya ki. In kuwa mai zaren ne, kin ga kin kama ƙarfen mota a banza.

Maganin da za su shafa miki shuɗi ne, shuɗin da ya fi na marina kama jiki. Ba wanda ya gargaɗe ni, na je da zanena na fita kunya, na dawo da shi kamar an zauna a kan baban rini. Tabarma ta yi shuɗi, gado ya yi shuɗi, har buta. Ki ware tsofaffin zannuwa. Ki koma duk ranar da suka ce ki koma, ko kin ji sauƙi, don ni na daina zuwa da wuri abin ya dawo, Madam ta yi min faɗa da yarensu. In kin yi magani bai ji ba, kada ki ce an yi miki asiri, ki koma ki ce su sake leƙawa, ƙila mai taurin kan ne. Ta kuma ce zaƙi yana ciyar da shi. Na san gidan mai albashi ne, sukari ba ya yankewa, na kuma san ki da shayi kamar Buzuwa. Ki rage.

Duk abin da Madam ta faɗa ban gaya wa babanki ba. Ta yaya? In na ce ashe ba kai ba ne, ai na faɗa masa ke nan na zarge shi. Na bar maganar ta kwanta. Da haka za mu mutu, ba don takardar nan ba.

Jiya da la'asar ina rubutu a inuwar rumbu, shi yana gefe yana tufkar igiya. Ya daɗe yana satar kallona, can ya ce, "Mi kike ta zane haka tun shekaranjiya?"

Na so in ce addu'a ce. Amma ina cikin gaya miki ki buɗe baki, sai na ji kunyar takardar da ke hannuna. Ban ambace ki ba, na ce wata yarinya ce take fama da irin ciwon da na yi da cikin fari. Na gaya masa zancen madubi da tsiro da gero da maiwa, ina yi ina haɗa gumi. Ya ajiye igiyar.

Ya ce, "Ke nan ba wurin mutum ake samo shi ba?"

Na ce, "Madam tac ce ba dole ba."

Sai ya ce, a hankali, "To. Ni dai na yahe miki tun ba a yi suna ba."

Na ce, "Ka yahe min mi?"

"Abin da ya wuce. Ina komowa Inna tac ce min kina da ciwon mata. Ni kuwa na san kaina, mu da munka yi watanni muna hwasa dutse, ko ruwan wanka ba mu samu. Nic ce yarinya ce, an bar ta ita ɗai, ban tona ta. Kin ga ko Hajo ban gaya ma ba."

Ɗiyar Hajo, ban san lokacin da na miƙe ba. Tawada ta zube, ga tabonta nan a gefen takarda. Na ce, "Ni ka yahe ma? Ni? Ai ni ce na yahe maka!"

Ya ɗago kai ya ce, "Kin yahe min mi?"

Muka tsaya muna kallon juna kamar baƙi. Na ji fushi irin wanda ban taɓa ji ba, shekara da shekaru mutumin nan yana cin tuwona yana ganina a matsayin wadda aka rufa wa asiri. Sai na tuna ni ma haka nake kallonsa, sai dariya ta kama ni, dariyar ta juye kuka. Abubuwa suka yi ta dawo min. Ashe shi ya sa bai taɓa bari na kwana Dogon Kiriya wurin biki ni kaɗai ba. Ashe shi ya sa ya daina gaisawa da wani maƙwabcinmu mai jaki, bawan Allah, har ya mutu bai san laifinsa ba. Shi kuma ya ce shi ya sa ashe duk ranar da zai yi tafiya nake ɗaure fuska. Ba mu yi zaman tsiya ba, kin gani da idonki, ba duka ba zagi. Amma akwai wata dariya da muke yi kafin a tafi da shi Doso, ba mu sake yin irinta ba, kowa yana jin shi ne mai haƙuri. Ƙuruciyarmu ta tafi a haka, kuma ba mai dawo mana da ita. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai.

Na yarda da shi. Ina jin shi ma ya yarda da ni, ko da yake da safen nan na kama shi yana kallona, ni ma kuma ina kallonsa. Ban san yadda ake zama da mutum ba tare da wannan abin a tsakani ba, sai mun koya.

Ki lura da wannan. Yadda kike lissafi, haka mijinki yake nasa. Ya ga kin juya masa baya, ya ga wanki, ba yaro ba ne. In ya san bai yi komai a Yamai ba, to yana can yana tambayar kansa wa ya shigo gidansa da ba ya nan. Kuma in mai kirki ne kamar yadda nake zato, ba zai tambaye ki ba, yafe miki zai yi. Kada ki bari ya kai ga haka.

Babanki ba wawa ba ne, ya gane yarinyar da nake nufi. Na ce zan ba direban motar goro takardar, ya ce a'a. Ya ɗauko rigarsa ta salla ya naɗe a buhu. Na ce ina za ka, kai da ba ka iya haɗa ido da ita, surukinka kuwa in ya hango ka sai ya canza hanya? Ya ce:

"Ban iya yi mata magana. Ban iya yi ma mijinta magana. Amma ina iya zama."

Don haka wanda ya miƙo miki wannan takarda, ko ya ba wani ya miƙo, shi ne. Ba zai shigo ba, ba zai ce miki komai ba. Zai shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidanku ya zauna, ya ce kuma ba zai tashi ba sai ya ga kun fita ku biyu kun nufi likita. Kin san taurin kansa. Ki gama karantawa, ki shiga ɗaki, ki gaya wa mijinki abin da ke damunki da abin da kika zarga, da bakinki, ko da kina kallon bango ne.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki mai albarka, ya sa ki shayar da shi da nononki har yaye. Allah ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, ya tsare mai gidanki, ya sa in za ku yi faɗa ku yi shi da baki tun kuna da sauran ƙuruciyar shiryawa. Allah ya dawo min da tsohon nan lafiya, ina da sauran magana da shi.

Ki aika masa da ruwa, ya sha hanya. Kada ki bar shi ya daɗe a rana.

Ni ce,
wadda ta haife ki.